Magani ba ruwa: yabon ya yi yawa?

Kafin a matsa garin magani ya zama ƙwaya, sau da yawa sai an fara dunƙule shi ƙanana ƙanana, in ba haka ba ƙwayar na iya rugujewa. Hanyar da aka saba ita ce a jiƙa garin, a dunƙule, sannan a busar. Amma akwai wata hanya, wato dunƙulewa ta narkarwa. Ka san yadda ake kantu, narkakken sukari ya riƙe riɗi? To, haka take. Ana zuba wani sinadari mai saurin narkewa, kamar kakin zuma ko PEG, a ɗumama shi tare da garin, ya narke ya haɗa su, in ya huce ya daskare.

Masu yabon hanyar suna da gaskiyarsu. Ba ruwa, ba zaman jiran bushewa, kuma magungunan da danshi ke lalatawa sun tsira. Kamfanin Novartis ya bi ta wajen haɗa Eucreas, maganin ciwon sukari mai ɗauke da metformin mai yawa, wanda matsa shi ke da wuya.

Inda nake da ja shi ne, yabon yakan tsaya a ƙofar masana'anta. Ruwa in an busar ya tafi. Shi kuwa abin da aka narkar yana nan cikin ƙwayar har ka haɗiye ta. PEG 1500 yana narkewa a wajen maki 45 na ma'aunin Salsiyos, PEG 6000 a wajen 60. Yanzu ka tuna watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura 40 a inuwa, ga kwalayen magani a bayan mota ko a shago mai rufin kwano. Ba sai ya narke duka ba: ya yi laushi ya sake daskarewa kawai, saurin da ƙwayar ke sakin magani a ciki na iya canzawa. Gwajin gaggawa da kamfanoni ke yi kuwa a maki 40 ne, wata 6.

Ba cewa nake hanyar ba ta da kyau ba. Cewa nake, duk wanda ya yaba maka ita, tambaye shi: wane sinadari aka narkar, a maki nawa yake narkewa? Kai kuma, maganinka kada ya kwana cikin mota.