Tarken Maƙalun Ɗalibai a Kan Hausar Unguwar Briqueterie, Yawunde

1.0 Gabatarwa

Briqueterie unguwa ce da ke maƙwabtaka da kasuwar Mokolo a gundumar Yawunde ta Biyu, kuma a cikinta babban masallacin birnin yake. Kasancewarta matattarar Hausawa a babban birnin Kamaru ya sa ɗalibai kan zaɓe ta idan za su yi maƙala a kan aron kalmomi ko cuɗanyar harsuna. Wannan takarda za ta tarke irin waɗannan maƙalu, ta nuna cewa babban rauninsu shi ne ɗalibi kan rubuta abin da ya karanta game da wasu garuruwa, ya bar abin da ke bakin ƙofarsa.

2.0 Shimfiɗar da Ta Cinye Maƙala

Sau da yawa maƙala mai shafi biyar kan ɓatar da shafi biyu a kan zuwan Bayajidda Daura da jerin Hausa Bakwai, alhali take yana magana ne a kan kalmomin Faransanci a bakin telolin Briqueterie. Kafin a iso ga telolin, wuri ya ƙure. Shimfiɗar da ta dace ita ce wadda tambayar maƙala ke bukata. Ya isa a bayyana cewa Jamusawa ne suka kafa zangonsu a Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, cewa sunan unguwar kalmar Faransanci ce mai nufin wurin yin bulo, da cewa Ewondo ne harshen 'yan ƙasa a yankin. Haka kuma wajibi ne a fayyace wace Mokolo ake nufi, domin akwai wani gari mai wannan suna a lardin Arewa Mai Nisa.

3.0 Rashin Fayyace Ma'ana

Irin jimlar da akan buɗe da ita ita ce: "Hausawan Briqueterie suna cakuɗa Hausa da Faransanci." A nan mai duba aiki zai tambaya: su wane ne Hausawan? A kudancin Kamaru akan kira kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe, ko da Bafulatani ne ko Babarbare. A unguwar akwai kuma baƙi daga Nijeriya da Nijar da Mali da Senegal. Wanda ya tashi da Fulatanci ya koyi Hausa a kasuwa, maganarsa ba hujja ba ce a kan Hausar wanda ya sha ta a nono. Saboda haka tun a sakin layi na farko ya kamata ɗalibi ya faɗi rukunin da yake nazari, da dalilin zaɓensa.

4.0 Hujjar Aro

Akan tarar da misalai irin su lakwal da mushe an jera su a matsayin Hausar Yawunde. Waɗannan kalmomi an san su ne a Hausar Nijar, kamar ta Maraɗi da Damagaram, kuma daga nazarce-nazarcen can aka kwaso su. Zamansu aro daga Faransanci bai tabbatar da cewa ana faɗarsu a Kamaru ba. Gani ya kori ji. Ɗalibin da ya zauna yini guda a shagon tela ko wurin masu tsire, da izinin masu wurin, ya rubuta kalma da jimlar da ta fito a ciki da kimanin shekarun mai magana da ranar da aka ji ta, ya fi wanda ya cika shafi da misalan littafi. Misali goma da aka ji da kunne sun isa a gina maƙala a kansu.

5.0 Tsarin Muhawara

Ɗalibin da ya yi karatu a tsarin Faransa ya saba da zubi mai sassa uku: ra'ayi, da kishiyarsa, da sulhu. Zubin ba shi da aibi, sai dai akan cika gurbin kishiyar ra'ayi da maganar da ba wanda ya taɓa yi. Ga kishiya ta gaskiya a cikin unguwar: Hausa ma tana bayarwa. Gasasshen naman da mutanen Yawunde ke zuwa Briqueterie saye da dare, sunansa soya a Faransanci da Ingilishin Kamaru, kuma daga kalmar Hausa suya aka samo shi. Maƙalar da ta ce Faransanci yana cinye Hausa dole ta tsaya ta amsa wannan, ta nuna a wane fanni Hausa ke karɓa, a wane fanni take bayarwa. A nan ne sulhu ke samun abin faɗi.

6.0 Ƙa'idojin Rubutu

Tasirin rubutun Faransanci kan bayyana a fili: ou a madadin u, tch a madadin c, dj a madadin j, kamar a Haoussa da Tchiroma da Alhadji. Daidaitacciyar Hausa tana da ƙa'idojinta, waɗanda aka tattauna a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Barin haruffa masu ƙugiya kan sauya ma'ana, domin baki daban, baƙi daban, haka kafa da ƙafa. Sannan yana da gidansa a haɗe ake rubuta su. Ga maƙala a kan aron kalmomi wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda rubutun ne kaɗai ke nuna wa mai karatu ko kalma ta rikiɗe ta zama Hausa ko tana nan a Faransancinta.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa gyaran yana farawa ne tun kafin a ɗauki alƙalami: tambaya guda, rukunin mutane da aka fayyace, da misalan da aka tattaro a wurin. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Ɗalibin da ya tashi a Briqueterie yana riƙe da bayanan da manazarcin Kano ko Zariya ba shi da su, kuma su ake jiran gani a maƙalarsa.