Masu Cukun Gida a Amurka da Burin Shiga Kasuwa

A Amurka akwai mutanen da idan Asabar ta yi sai su ɗora tukunyar madara a wuta, su tsaya a kanta tun hantsi har la'asar. Wasu malaman makaranta ne, wasu ma'aikatan jinya, wasu kuma tsofaffi da suka yi ritaya. Cuku suke yi, kuma ba wanda ake ci ranar da aka yi shi ba. Nasu sai ya yi wata uku, wata shida, wani ma shekara, kafin a sa masa wuƙa. Da zarar maƙwabta sun fara cewa ai wannan ya fi na kanti, sai tunanin sana'a ya shiga zuciyar mai shi. Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin nan shi ne, kuskuren da aka yi yau ba ya bayyana sai bayan watanni, amma duk da haka ana samun masu ƙwarewa a kansa.

Kayan haɗin ba su da yawa: madara, gishiri, ƙwayoyin bakteriya masu amfani, da sinadarin daskarar da madara da ake kira renet. Ana ɗumama madarar zuwa digiri 30 ko 32 a ma'aunin Selshiyos, a zuba ƙwayoyin, kamar dai yadda ake ɗiga tsohon nono a dafaffiyar madara don a sami kindirmo. Su ne ke cinye sukarin da ke cikin madarar su mayar da shi tsami. Daga nan sai renet. Asalinsa daga sashe na huɗu na cikin ɗan maraƙi mai shan nono ake samun sa, ko da yake yanzu mafi yawan wanda ake sayarwa a masana'anta ake sarrafa shi. Aikin da yake yi shi ne wanda tumfafiya ke yi wa matan Fulani masu wagashi a Benin da Gana, sai dai shi ɗan digo kaɗan ya isa tukunya guda.

Bayan kamar minti arba'in madarar ta kama jikinta. A nan ake gane gwani. Zai tsoma bakin wuƙa ko tsabtataccen yatsa a karkace, ya ɗago a hankali yana kallo. Idan ta tsage sumul, ruwa garau mai ɗan rawaya ya taru a tsagar, to ta yi. Idan ruwan ya fito fari-fari, bakin tsagar ya ruguje, da saura, kuma wanda ya yi garaje ya yanka a haka maiƙon madarar zai bi ruwa ya tafi. Littafi zai ba ka minti, amma madarar bazara daban take da ta hunturu, ta saniyar da ke kiwo a fili daban da ta mai cin busasshiyar ciyawa a rumfa. Saboda haka ido da yatsa ne ke yanke hukunci, ba agogo ba.

Sai yanka. Girman yankan ne ke nuna irin cukun da za a samu, domin ƙaramin gutsure ya fi saurin fitar da ruwa. Mai son cuku mai laushi irin na Camembert na Faransa kusan ba ya yankawa, da ludayi yake kwasa ya zuba a mazubi mai huji. Mai yin Cheddar irin na Ingila yana yankawa kanana, ya ɗaga zafin sannu a hankali zuwa digiri 38 ko 39 yana juyawa, sannan ya tara gudajin su haɗe, ya yanka su falle-falle ya riƙa ɗora wani kan wani yana juya su har tsamin ya kai inda yake so. Su kuwa masu Parmigiano na Italiya, sai sun mayar da gudajin kamar ƙwayar hatsi, sun dafa har wajen digiri 55, kuma doka ba ta yarda a kira shi da sunan ba sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. Madarar ɗaya ce, gishirin ɗaya ne, hannu ne ya raba su.

Lita goma ta madarar shanu takan ba da kimanin kilo ɗaya na cuku mai tauri. Sauran duk ruwa ne.

Ajiyar ita ce rabin aikin, kuma ita ce wadda baƙo ba ya gani. Turawan da suka gaji sana'ar suna da koguna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Mai cukun gida kuwa tsohon firji yake samu, ya haɗa masa na'urar da za ta riƙe sanyinsa tsakanin digiri 10 da 13, ya ajiye kwanon ruwa a ciki don danshi ya kai kashi 85 cikin ɗari ko fiye. Kowace rana a farkon makonni zai buɗe, ya juya kowane curi, ya goge bayansa da tsumma mai ruwan gishiri, ya sunsuna. Dole ya san fumfunar da yake nema da wadda ta zo ba gayyata. Mai yin cuku mai shuɗin ciki ma da gangan yake zuba fumfunar, sannan ya soke curin da dogayen allurai don iska ta shiga, fumfunar ta tsiro. Kusa da firjin za ka tarar da littafi, an rubuta ranar da aka yi kowane curi, daga ina madarar ta zo, zafi nawa, tsami nawa, gishiri nawa. In aka yanka curi bayan wata biyar aka ji ɗaci, wannan littafin kaɗai zai faɗi abin da ya faru a ranar.

To, a nan ne mai burin sana'a ke gamuwa da gaskiya. Yin cuku mai daɗi sau ɗaya abu ne da mai sa'a ma kan yi. Mai saye kuwa wanda ya ci makon jiya yake so ya sake samu, ba ƙanensa ba.

Ga kuma hukuma. A galibin jihohin Amurka an yarda mutum ya gasa burodi a kicin ɗinsa ya sayar, amma ban da cuku. Sai an gina ɗaki na musamman mai bango da daɓen da ke wankuwa, jami'ai su zo su duba, a ba da lasisi. A jihar Wiskonsin shi kansa mai yin cukun sai ya zauna jarrabawa ya sami nasa lasisin. Ba na ganin laifinsu. A 1985 ƙwayar Listeriya da ta shiga wani cuku mai laushi ta kashe mutane da dama a Kalifoniya, ciki har da jarirai. Shi ya sa masu sana'ar kan ce mafi yawan aikinsu wanke-wanke ne.

Tun 1949 dokar ƙasar ta ce cukun da aka yi da ɗanyar madara ba za a sayar da shi ba sai ya kwana 60 a ajiye. Wannan ya sa sabon shiga a tsaka mai wuya. In ya zaɓi ɗanyar madara, ya biya kuɗin madara da wuta yau, kuɗinsa kuma na kwance a kan katakon ajiyar cuku wata biyu ko fiye. In ya zaɓi sabon cuku mai laushi da zai kai kasuwar manoma a makon ya dawo da kuɗi, sai ya sayi tukunyar dafa madara da ke riƙe ta a digiri 63 na tsawon minti 30 tana kuma rubuta shaidar hakan, kuma ba ta da araha. Masu wayo sukan haɗa biyun, sabo ya ciyar da gida, tsoho ya yi suna. Wasu kuma sukan fara da hayar ɗakin wani mai lasisi a ranakun da ba ya aiki.

An yi waɗanda suka haye. Mary Keehn, uwar 'ya'ya mata huɗu a gundumar Humboldt ta arewacin Kalifoniya, ta fara kiwon awaki a shekarun 1970 don 'ya'yanta su sami madara. Da madarar ta yi yawa sai ta koma yin cuku a kicin. A 1983 ta kafa Cypress Grove, a lokacin da yawancin Amurkawa ba su saba da cukun akuya ba. Cukunta da ya fi shahara, Humboldt Fog, in ka yanka shi za ka ga siririn layin toka ya ratsa tsakiyar farin cikinsa. A 2010, bayan shekara 27 da kafawa, kamfanin Emmi na ƙasar Siwizalan ya sayi masana'antar, kuma aka ci gaba da yin cukun a garin Arcata.