Uban Ƴaƴa Biyar a Niyok: Nazari Kan Barkwancin Jim Gaffigan

Duk malamin da ya taɓa shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara a makarantunmu ya san wani mutum da ba ya ɓacewa daga dandali, wato magidanci mai ƴaƴa rututu, riga a yage, rumbu wayam, yana rarraba ido ana ƙirga masa laifinsa. Ɗalibai kan kwashe da dariya, manyan baƙi su yi tafi, amma in mutum ya waiga layin iyaye sai ya tarar da fuskoki a murtuke. Wannan ne dalilin da ya sa na ga ya dace in gabatar wa abokan aiki da shugabannin ƙungiyoyin al'adu wani littafi da ya zo daga nesa, wanda ya ɓullo wa batun yawan iyali ta wata hanya dabam.

Littafin shi ne Dad Is Fat, wato Baba mai teɓa ne, na Ba'amurke Jim Gaffigan, wanda ya fito a 2013. Wani abokin aikina malamin Ingilishi ne ya ara mini shi, ya kuma warware mini wuraren da suka shige mini duhu. An haifi Gaffigan a 1966, shi ne auta cikin ƴaƴa shida, matarsa Jeannie kuwa, wadda suke rubuta barkwancin tare, ita ce ƴar fari a gidan ƴaƴa tara. Dukansu mabiya ɗarikar Katolika ne. Sana'arsa ita ce tsayawa shi kaɗai gaban taro yana ba da dariya da baki, kuma an san shi da guje wa batsa. A watan Satumban 2015 ya yi wasa a bukin iyalai na birnin Filadalfiya, wanda marigayi Fafaroma Faransis ya halarta, sannan a watan Yunin 2024 yana cikin masu barkwancin da Fafaroman ya karɓa a fadar Batikan.

Littafin ba shi da labari guda mai farko da ƙarshe. Gajerun babi-babi ne a kan zaman uba da uwa da ƴaƴa biyar cikin gida mai ɗakunan kwana biyu a saman bene a birnin Niyok: yadda ake kwantar da yara da dare, har da zane-zane kamar na shirin yaƙi, yadda ake kai su coci a yi ta fama su natsu, da tambayoyin da baƙin ido ke yi masa a hanya kan ko ya gama haihuwa. A ƙasar da matsakaicin haihuwar mace bai kai ƴaƴa biyu ba, uban biyar abin kallo ne, kuma daga nan rabin dariyar ke fitowa.

Sai dai armashin littafin yana wani wuri, wato wajen wanda dariyar ke faɗa wa. Gaffigan bai mai da ƴaƴansa abin tsokana ba, bai kuma mai da matarsa mafaɗaciya ba. Kansa yake yi wa dariya: shi ne rago, shi ne mai ci, shi ne mai neman inda zai ɓuya ya yi barci. Hatta sunan littafin jimla ce ta farko da ɗansa ya rubuta da ya fara koyon rubutu, uban ya ɗauka ya manna a bango duniya ta gani. Yana faɗin gajiyarsa ƙarara, amma mai karatu ba ya rufe littafin da tunanin cewa mutumin ya yi nadamar ko da ɗa guda. Haɗa waɗannan biyu a baki ɗaya, wato na gaji, kuma na gode Allah, shi ne gwanintarsa.

To, me ya sa irin wannan murya take da wuyar samu a wajenmu, alhali mun fi kowa abin faɗa? Binciken ƙasa na 2012 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Nijar ya kai 7.6, na 2021 kuma 6.2. Uban biyar a Diffa ba wanda zai waiga ya dube shi. Ba kuma raha muka rasa ba, domin wasan taubasai, irin wanda ke tsakanin Barebari da Fulani a nan gaɓar Komadugu, har UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. A ganina amsar tana cikin tsarin da al'ada ta yi wa wasa. Ta ba kaka damar wasa da jika, ta ba taubashi damar tsokanar taubashinsa, amma tsakanin uba da ɗa kunya ta ajiye, har uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ga kuma tsoron baki da ke hana mutum ƙirga ƴaƴansa a bainar jama'a. Da yake uba ba ya magana kan kansa, sai wasu suka yi magana a madadinsa, shi ya sa a dandalinmu kullum daga waje ake nuna shi da yatsa.

Littafin bai rasa aibi ba. Da an wuce rabinsa zancen ci da barci ya fara maimaita kansa, abin da ke ratsa taro da baki kuma ba kullum yake da nauyi a takarda ba. Na biyu, gajiyar Gaffigan gajiyar mai hali ce. Damuwarsa ƙuncin ɗaki ne da ƙarancin barci, babu zancen hatsi ya ƙare kafin kaka ko kuɗin magani. Manomin tattasai a bakin Komadugu, ko makiyayin N'Gelbeli da ƴaƴansa ne hannayensa a bakin rijiya, ba za su ga kansu cikin wannan madubi ba. Na uku, yabon da yake yi wa matarsa, duk da kyansa, kan zama mafaka: uba ya amsa cewa shi rago ne, a yi dariya, aiki kuma ya ci gaba da zama a kan uwa. Sai a 2019 Jeannie ta fitar da nata littafin, bayan tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa da aka yi mata a 2017, aka ji labarin gidan daga bakinta.

Duk da haka akwai darasi ga masu shirya wasa a jiharmu. Tun daga hare-haren 2015, gidaje da yawa a Diffa sun ƙaru da marayu da ƴan gudun hijira, har magidanci ya wayi gari yana ciyar da bakunan da ba shi ya haifa ba. Wasan da zai fito da irin wannan mutum a matsayin jahili ya yi masa rashin adalci, kuma ba zai saurari saƙon ba, domin ba a zagin mutum a ce ya ɗauki nasiha. Abin da nake ba da shawara shi ne a rubuta uban da zai tsaya da kansa, cikin mutuncinsa, ya ba da labarin daren da tabarma ta yi kaɗan, da safiyar da aka nemi takalmi ɗaya aka rasa, da ranar komawa lakkol da aljihu ya gaza. In iyaye suka yi dariya tare da shi, to an buɗe ƙofar tattauna lafiyar uwa da karatun yara ba tare da an tozarta kowa ba. Kunya ba ta hana wannan, tunda ɗan wasa ne zai faɗa, uba kuwa yana zaune a layinsa yana gyaɗa kai.