LITTAFIN ALMUNƘIZU NA IMAMU GAZALI: MALAMIN DA YA TUHUMI KARATUNSA

Da wuya a sami almajirin da ya yi nisa cikin karatun zaure a ƙasar nan wanda bai ji sunan Imamu Gazali ba. Galibi an san shi ta Ihya'u Ulumiddini, babban littafin nan mai kashi 40, ko kuwa ta Bidayatul Hidaya da a ke ba masu fara neman hanya. Amma akwai wani ɗan ƙaramin littafinsa, sunansa Almunƙizu Minad Dalali, watau mai tsamo mutum daga ɓata, wanda mai karatu ya iya gama shi a zama biyu ko uku. Shi mu ke so mu duba a wannan mako, mu faɗi abin da muka gani na kyau cikinsa, mu kuma faɗi inda mu ke da magana. Dalilinmu kuwa shi ne, masu wa'azi a kan girman kai da riya suna da yawa, amma wanda zai ɗauki alƙalami ya rubuta nasa riyan da hannunsa, wannan kam sai an tona.

An haifi Gazali a Ɗus, cikin ƙasar Farisa da a ke kira Iran yau, a shekarar 1058. Ya yi karatu a Naisaburi wurin Imamul Haramaini Juwaini. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana ɗan shekara 33 ko kusa da haka. A zamanin nan babu wata kujerar ilmi da ta fi wannan daraja a ƙasashen gabas. Shi da kansa ya ce almajirai 300 ke ɗaukar karatu a wurinsa. Bayan shekara 4 sai ya ajiye kome ya fita. Littafin da mu ke dubawa labarin wannan fita ne, ya rubuta shi bayan ya haura shekara 50, a matsayin amsa ga wani ɗan'uwa da ya tambaye shi yadda ya yi har ya gane hanya.

Ga yadda ya shirya shi. Ya fara da labarin shakkar da ta kama shi tun yana saurayi, har ya daina amincewa da abin da ido ke gani, sa'an nan ya zo ya tuhumi hankali kansa. Ya yi wajen wata 2 cikin wannan hali kafin Allah ya warkar da shi. Daga nan ya kasa masu neman gaskiya gida 4: malaman tauhidi masu jayayya da hujja, da Baɗiniyya masu cewa sai an bi imami ma'asumi, da masu falsafa, da Sufaye. Ya bi su ɗaya ɗaya yana aunawa. Da ya zo kan Sufaye ya karanta Ƙutul Ƙulubi na Abu Ɗalibil Makki, da littattafan Harisul Muhasibi, da maganganun su Junaidu. Sai ya ga cewa wannan fanni ba a gama shi da karatu. Ya kawo misalin likita wanda ya san ma'anar lafiya da dokokinta sarai, alhali shi kansa yana kwance ba lafiya.

To, jama'a, a nan ne littafin ya kai inda ya fi kowane wuri amfani. Gazali ya juyo ya dubi ayyukansa. Da ya ce mana ya sami kansa yana da rowa, ko yawan barci, ko saurin fushi, da ba mu tsaya a kan maganar ba, gama irin waɗannan laifuffuka kowa ya iya faɗinsu ba tare da ya yi hasarar kome ba. Har ma wani ya kan faɗe su don a ce masa mai tawali'u. Shi kuwa sai ya ɗauko aikin da ya fi kowane aikinsa kyau, wanda duk Bagadaza ke yabonsa a kai, watau koyarwa, ya sa shi a ma'auni. Ya ce ya ga ilmin da ya ke bayarwa ba mai amfani ba ne ga hanyar Lahira. Ya duba niyyarsa, ya tarar abin da ke motsa ta neman girma ne da son sunansa ya watsu, ba ta tsarkaka don Allah ba.

Wannan shi ne darasin littafin a ganinmu. Son kai ba ya yawan ɓuya cikin zunubin da mutum ya san zunubi ne. Wurin ɓuyansa shi ne aikin alheri: karantarwa, limanci, sadaka, sulhunta mutane. Ɓarawon da ya shiga rumbu an san abin da za a yi da shi. Wanda ya sa rawani ya zauna a sahun gaba fa, wa zai ce a kama? Kome wayon mai bincike, in ya tsaya ga laifuffukan da ke fili, ya share tsakar gida ne ya bar ƙarƙashin gado.

Abu na biyu da muka yaba shi ne bai ɓoye rauninsa ba bayan ya gane gaskiya. Marubuci mai son a yabe shi da sai ya ce, da na gane sai na tashi. Gazali ya ce wata 6 ya yi yana kai da kawowa, tun daga Rajab na shekarar 488 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1095. Da safe ya yi niyyar barin Bagadaza, kafin yamma sha'awar duniya ta warware niyyar. Har sai da harshensa ya ƙulle, ya zo zai ba da karatu ya kasa furta kalma, abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce wannan ciwo daga zuci ya taso, ba su da maganinsa. Watau dai ya nuna mana ba ƙarfin halinsa ya fitar da shi ba, tilas ce ta kai shi ga ƙofar Allah. Ya kuma faɗi cewa ya nuna wa mutane Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don kada Halifa da abokansa su gane. Ya ba da labarin yadda mutanen Iraƙi suka yi ta fassara tafiyar: na nesa suka ce tsoron masu mulki ya ji, na kusa da suka ga yadda masu mulkin ke riƙe da shi suka ce kambun baka ne ya sami Musulmi. Ba wanda ya yarda mutum ya iya barin irin wannan kujera saboda addini, domin a wurinsu kujerar ita ce ƙololuwar addini.

Ya fita a watan Zulƙida na wannan shekara. Ya raba dukiyarsa, ya bar abin da zai ishe shi da 'ya'yansa. Ya yi kusan shekara 2 a Sham, yana hawa hasumiyar masallacin Dimashƙa ya rufe ƙofa ya wuni. Ya tafi Baitul Muƙaddasi, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahimu, ya yi aikin Hajji, sa'an nan kukan 'ya'ya ya komo da shi gida. Duk wannan ya ba da shi a taƙaice, da harshe mai sauƙi, ba ado ba ƙawa, kuma wannan sauƙin na cikin abin da ya sa mai karatu ke gaskata shi.

Yanzu sai mu zo inda mu ke da magana. Tun da ya ke shi ya koya mana a tuhumi aikin alheri, ba laifi ba ne mu sa littafinsa a ma'aunin da ya ba mu.

Na farko, labarin ya cika tsari. Rayuwar ɗan Adam ba ta tafiya kamar matakalar bene. Littafin ya nuna kamar sai da ya gama da gidajen nan 3 kana ya waiwayi Sufaye, alhali masu tarihinsa sun faɗi cewa tun yana yaro, bayan rasuwar mahaifinsa, a hannun wani Sufi aka bar shi shi da ƙanensa Ahmadu. Ashe hanyar ba baƙuwarsa ba ce. Ya gyara labarin don ya zama darasi, kuma duk inda aka gyara labari an rage wani abu.

Na biyu, ya yi shiru a kan halin da ƙasa ke ciki. A 1092 aka kashe Nizamul Mulki wanda ya naɗa shi, a cikin shekarar kuma Sarki Malikshah ya rasu, 'yan gidan sarauta suka shiga yaƙin gado. Shi kuwa ya rubuta littafi na sukar Baɗiniyya, waɗanda a ke danganta kisan wazirin gare su. Waɗansu masana na baya sun ce tsoro na cikin abin da ya fitar da shi. Mu ba mu ce haka ne ba. Amma mutumin da ya tone zuciyarsa har ya ciro riya, ya kamata a ce ya gaya mana ko ya sami tsoro a ciki ko bai samu ba, maimakon ya bar zancen a bakin mutanen nesa.

Na uku, shi ne mafi nauyi. A shekarar 499, watau 1106, ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naisaburi bisa matsawar masu mulki, bayan shekara 11 da barin Bagadaza. A wannan lokaci ne ya rubuta Almunƙizu, saboda haka littafin yana da fuska biyu: tuba ne, kuma kariya ce daga masu cewa ya koma ga abin da ya bari. Cikin dalilan komawarsa ya ambaci shawarar mutanen kirki, da mafarkai na salihai, da alkawarin nan na cewa a kan kowace shekara 100 za a sami mai sabunta addini, ga shi kuwa shekarar 500 na bakin ƙofa. Mai karatu ya iya cewa, af, wanda ya gudu daga zama babban malamin Bagadaza ya komo yana nuna kansa mujaddadin ƙarni? Ba girman ne ya fita ta ƙofa ya shigo ta taga ba?

Gazali ya hango wannan tambaya. Amsarsa ita ce dā yana koyar da ilmin da a ke samun girma da shi, yanzu kuwa yana kira ga ilmin da a ke barin girma da shi, kuma ya ce bai sani ba ko zai kai ga muradinsa ko za a ɗauke shi kafin nan. Amsa ce mai kyau. Sai dai har yanzu shi ne mai ƙara, shi ne wanda a ke ƙara, shi ne alƙali. Ido ba ya ganin kansa. A nan ne iyakar kowane littafi irin wannan ta ke, ko wa ya rubuta shi.

Abin da ya raba mana gardama daga waje ya zo. Akwai wani malamin Naisaburi, Abdul Gafiril Farisi, wanda ya san Gazali tun suna almajirai. Ya rubuta cewa a dā ya san shi da kaushin hali, da raina mutane, da alfahari da baiwar da Allah ya yi masa ta magana da kaifin tunani. Da ya komo ya gan shi ya canza, sai ya zaci shiri ne kawai ya ke yi. Ya yi ta zuwa wurinsa yana lura, har ya tabbata cewa mutumin ya warke da gaske. Wannan shaida ta mai shakka ta fi mana shafi 10 na bakin mai littafi. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, mu kuwa muka ƙara da cewa a tambayi maƙwabci.

Wanda ya karanta Almunƙizu ya ke son ya san yadda a ke yin aikin da kansa, sai ya koma ga Ihya'u, kashi na 38, mai magana a kan tsaron zuciya da yi mata hisabi. A can Gazali ya kamanta hankali da ɗan kasuwa, zuciya kuwa da abokin cinikinsa wanda ba a amince masa ba. Ya kawo matakai 6: a kafa mata sharaɗi da safe, a sa mata ido da rana, a yi lissafi da ita da dare, a hore ta in ta ci amana, a tilasta ta ga aikin da ta ke ƙyuya, a kuma riƙa yi mata faɗa. Duk wanda ya taɓa ba yaro jari ya tafi cin kasuwa ya san wannan tsari. Kashi na 28 da na 29 da na 30 kuwa su ne suka yi bayanin son girma da riya, da girman kai da jiji da kai, da ruɗin zuci. Almunƙizu ya nuna majinyacin, Ihya'u ya jera magungunan.

Hukuncinmu dai shi ne, littafi ne da ya cancanci kowane mai ilmi ya karanta, musamman wanda jama'a suka fara taruwa a ƙofarsa, ko malami ne, ko alƙali, ko mai rubutu a jarida. Amma kada a karanta shi don a sami abin faɗa wa wani. Mai karanta labarin riyan Gazali yana tuno limamin unguwarsu bai karanta kome ba tukuna. Kada kuma a ɗauka sai an bar aiki an tafi Sham. Shi kansa ya komo ya ci gaba da koyarwa, ya ƙare kwanakinsa a Ɗus cikin almajirai, ya rasu a 1111. Abin da ya bar mana tambaya ce guda, wadda kowa zai yi wa aikinsa mafi kyau: don wa na ke yin wannan? In zuciya ta amsa da sauri, ta ce don Allah, to, a jinkirta gaskata ta, a dubi yadda ta kan ji ran da aka yabi wani aka manta da ita.

Allah ya sa mu gane aibinmu tun muna da sauran lokacin gyara, amin.