Taba Mai Hawa Kai: Tsakanin Ƙarfi da Ɗanɗano

An fi sanin kasuwar Batsari da rogo, amma kamar sauran kasuwannin ƙasar Ruma, ba ta rasa mai taba gari a wata kusurwa, da tabarmarsa da 'yan battocinsa. Masu sayensa iri biyu ne. Dattijo kan tsunkuli kaɗan, ya murza a tafin hannu, ya shinshina, kafin ya ce uffan. Wani kuwa tun daga tsaye yake jefo tambaya: "Baba, tana hawa kai?" In ta sa shi atishawa har da hawaye, ciniki ya faɗa.

Wannan tambaya ta mai saye na biyu ita ce ta mamaye kasuwar taba mafi tsada a duniya, wato mai naɗin ganye zalla, irin ta Kuba da Nikaraguwa, wadda ba takarda a jikinta. A da, mashaya a Amurka sun fi son mai sanyi, mai lulluɓin ganyen da aka raina a inuwa a jihar Konetikat. Bayan da shanta ya zama yayi a shekarun 1990, lokacin da mujallar Cigar Aficionado ta fito a 1992, sai baki ya saba, aka shiga neman abin da ya fi bugu. A farkon shekarun 2000 kamfanin Joya de Nicaragua ya fitar da Antaño 1970, La Flor Dominicana ya zo da Double Ligero, sauran masu naɗi suka bi sahu. Garin Esteli na Nikaraguwa ya zama cibiyar ganye mai yaji. Kuba ma ba ta zauna ba: a 2010 ta fito da Cohiba Behike, wadda ake sa wa wasu ƙananan ganyaye biyu na can ƙololuwa, waɗanda ba kowane tsiro ke fidda su ba.

Manomin taba na bakin fadama ba ya buƙatar a yi masa bayanin inda ƙarfin yake. Saiwa ce ke haɗa sinadarin nikotin, ta tura shi sama, saboda haka ganyen kai, wanda ya fi shan rana, shi ya fi kauri da maiƙo da bugu. Na tsakiya shi ne mai ƙamshi. Na gindi ba shi da wani kirki a baki, amma shi ke cin wuta da kyau. Mai naɗi a Habana ta Kuba yana haɗa ukun ne a kara ɗaya, kuma a nan gwanintarsa take. In ya cika na sama, wuta ta riƙa mutuwa, maƙogwaro ya yi ta kartuwa, mai sha ya tashi da jiri da shaƙuwa bai ji ɗanɗanon komai ba.

Akwai ma wata dabara ta ƙara ƙarfi tun a gona, wato a karya kan tsiron kafin ya yi fure, don abincin ya koma ganye. A ƙasar Hausa wannan ya ci karo da wata buƙata ta daban, domin mata sun daɗe suna goga furen taba a haƙori tare da goro don ya yi ja. Ke nan tsiron da aka bari don kwalliyar uwargida ba shi ne zai ba maigida ganye mafi bugu ba.

Tabar wannan yanki ba baƙuwa ba ce a tarihi. A 1853, da Bajamushen nan Heinrich Barth ya tashi daga Katsina zuwa Tumbuktu, ta hanyar Kurfi da Zakka, ya yi guzurin tabar Katsina saboda darajar da take da ita har can. Tumbuktun kuwa ita ce garin Ahmad Baba, malamin da ya rubuta a 1607 cewa taba ba haramun ba ce, hukuncin da malamai da dama suka saɓa masa a kai, kuma har yau ba a rufe zancen ba. Tsallaken iyaka, a kwarin Gulbin Maraɗi wajen Madarunfa, ana nomanta har yanzu. Ganyen da za a ɗora wa raƙumi ko jaki ya yi wata da watanni a hanya dole ya zama an shanya shi da kyau, ya kwana, ya yi laushi. Ɗanyen aiki ba ya kai wa Tumbuktu.

A nan ne hanyoyin biyu, ta ɗanɗano da ta ƙarfi, suka rabu. Ɗanɗano lokaci yake ci. A Kuba ana jibge busasshen ganye tsibi-tsibi, ya yi zafi da kansa, ana juya shi, har warin nan mai sa hawaye ya fita, ɗacin ya kwanta. Bayan haka ganyen gindi kan kwana wajen shekara 1 a ajiye, na sama kuwa aƙalla shekara 2, don shi ya fi taurin kai. Ƙarfi kuma ana samun sa a yini guda. Mai dakan taba gari ya san cewa kanwa ce makullin: ita ke sakin nikotin ɗin da ke ɗaure a ganye, ya ratsa fatar hanci ko dasashi nan da nan. Gwargwado, kanwa gyara ce, tana tayar da tabar da ta yi sanyi. In ta yi yawa, sai ta zama mayafin ganye mara kyau, domin hancin da ke raɗaɗi ba ya bambance ƙamshi. Abin da ya sa taba mai naɗin ganye ke bugarwa ko ba a zuƙi hayaƙinta zuwa huhu ba ma kusan haka ne: hayaƙin ya karkata ga ɓangaren kanwa, ba na tsami ba, sai nikotin ya shige ta baki.

Masu naɗin da suka san hannunsu sun fara ja da baya daga gasar bugu, suna neman kauri a ɗanɗano ba a jiri ba. Ɗaya daga cikin abin da suke dogaro da shi ma na Afirka ne, wato siririn ganyen lulluɓi na Kamaru mai ɗan zaƙi, wanda gidan Arturo Fuente ke naɗe tabarsa mai suna Hemingway da shi.

A ƙasar Ruma, jira ya yi tsada. Tun da matsalar 'yan bindiga ta dabaibaye ƙauyukan bakin dajin Rugu, mutum ba ya son tara abin da zai daɗe a rumbu, kuma mai neman kuɗin cefanen yau ba zai ajiye ganye ya shekara ba. Matasa kuma tuni sigari ya ɗauke su, tun bayan da kamfanin taba na Najeriya ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, kuma wanda bakinsa ya tashi da karan kanti ba ƙamshin ganye ya koya ba.

Ba wai mai ƙamshin ta fi lafiya ba. Kansar baki da ta maƙogwaro ba ruwansu da gwanintar mai naɗi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa mutum fiye da miliyan 7 da taba ke kashewa duk shekara. Illar ƙarin ƙarfi ita ce saurin kamu: nikotin da ya isa kai da sauri shi ya fi wuyar bari. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma tilasta gargaɗi a jikin kwali. Taba gari ba ta da kwali. A ƙullin leda ake miƙa ta, kuma yawan kanwar da ke ciki mai dakan ne kaɗai ya sani.