Ma'aunin Kano a Idon Mai Wurno

Sharhin fim a wurin Bahaushe daga bakin ƴan kallo ya taso, a zaure da majalisa da tsakar gida, tun sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta saki Turmin Danya a Kano a 1990. Daga baya ya hau takarda: mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda a shafukanta aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood, sai mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999. Wanda duk ya saba da wasiƙun masu karatu na wancan zamani ya san tambayar da ta fi kowace yawa: wannan al'adarmu ce? Ko labari ya ɗinku, ko mai ɗaukar hoto ya san aikinsa, ba kasafai aka damu da su ba.

Fim ɗin Sangaya, wanda ya fito a 1999, ya ƙara wa muhawarar wuta da rawarsa da waƙarsa masu ƙamshin Indiya. A 2001 Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai, ra'ayin majalisa ya samu hatimi. A ƙarshen 2008 aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan fim ɗinsa Tsintsiya. A 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa da ta fito a ciki da mawaƙi ClassiQ. Irin wannan sharhi ɗan wasa yake kamawa, har da rayuwarsa ta bayan fage. Darakta kuwa sau da yawa ko sunansa ba a riƙe ba. Kowa ya san Ali Nuhu a Wasila, amma mutum nawa ne za su ambaci daraktan fim ɗin, Ishaq Sidi Ishaq? Sai a zamanin shirin Labarina ne ƴan kallo suka koma kiran sunan Aminu Saira, yabo ko suka.

To, a ɗauki tambayar nan ta al'ada a kai ta gaɓar kogin Nil Azraƙ a Sudan, a ga yadda za ta rikice.

Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a 1906. Da aka kammala madatsar ruwa ta Makwar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka jawo ƙarin Hausawa, da yawansu maniyyata da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Jikokinsu a yau jallabiya da rawani suke sawa, mata su yafa tob, ana cin kisra da asida, ana shan jabana, Hausarsu kuma ta sha Larabci ta ƙoshi. Su ma Hausawa ne, ba wanda ya isa ya ce a'a.

Saurayin irin wannan gari idan ya buɗe shirin Izzar So a wayarsa, abin da zai yi masa baƙo daban yake da abin da ke ɓata wa malamin Kano rai. Rawar soyayya ba za ta girgiza shi ba, don Sudan ta daɗe tana son fim ɗin Indiya, ga wasannin Masar da ke cika gidaje da azumi. Turancin da ƴan wasa ke tsarmawa a kowace jimla, da ofisoshi da manyan motoci, su ne za su sa ya ji nisa. Abin da zai ji nasa ne kuwa ƙanana ne: tsawon gaisuwa, durƙuson amarya, kunyar suruki, karin maganar da ya taɓa ji a bakin kakarsa. Ashe abin da masu sharhi ke kira al'adar Bahaushe, mafi yawansa al'adar birnin Kano ce ta wani zamani.

Akwai kuma wani ma'aunin a maƙwabtan Mai Wurno. A 2019 darakta ɗan Sudan Amjad Abu Alala ya fitar da fim ɗin Satamutu fil Ishrin, labarin yaro Muzammil da aka yi wa hasashen mutuwa yana ɗan shekara 20. A wani ƙauyen Jazira aka ɗauki fim ɗin, ya kuma ci lambar fim na farko na darakta a bikin Venice. Masu magana a kansa daraktan suka fara ambata, sannan haske da launin ɗakunan ƙasa. Sai dai gidajen silima na Sudan sun durƙushe tun bayan juyin mulkin 1989, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya ƙarasa sauran. Fim ɗin Kano ya fi sauƙin isa hannun mutumin Mai Wurno fiye da wanda aka ɗauka a bayan gidansa.

Abin mamaki, masu cewa a kare al'ada ba su cika tambayar dalilin da ya sa ba a ganin waɗannan Hausawa a allo ba, alhali tafiyar Burmi zuwa Sinnar ta ishi darakta labari. Da yawa daga ƴan kallon Kano a labaran rediyo suka fara jin akwai ƴan'uwansu a can, a Yulin 2022, lokacin da rikicin filaye ya ci rayuka a yankin Rusairis, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Khartum.