André Briend da Maganin Tamowa: Nazarin Tasirin Binciken Wani Masani a Ƙasar Hausa

Idan za a auna tasirin binciken masani, yawanci akan ƙirga maƙalun da ya wallafa da waɗanda suka kafa hujja da su. Wannan ma'auni bai isa ba game da André Briend, likita ɗan ƙasar Faransa, domin sakamakon aikinsa yana hannun uwayen da ba su taɓa jin sunansa ba, daga Maraɗi har kudancin Kano.

Kafin aikin nasa, yaron da tamowa ta yi wa tsanani sai an kwantar da shi a asibiti, ana ba shi wata madara ta musamman mai suna F-100. Madarar tana aiki, sai dai da ruwa ake dama ta, kuma da zarar an dama ƙwayoyin cuta kan hayayyafa a ciki. Don haka ba a iya sallamar uwa da ita zuwa gida. A 1996 Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka sami wani abu mai kauri wanda ba ya bukatar ruwa ko dahuwa. Shi ne Plumpy'Nut. Ƙulli guda nauyinsa giram 92 ne, yana ɗauke da kalori 500. Hikimar duka a rashin ruwan take, watau abin da ya mayar da jinya daga gadon asibiti zuwa ɗakin uwa.

A ƙasar Hausa aka gwada wannan dabara a kan jama'a masu ɗimbin yawa. A yunwar 2005 ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, mafi yawansu kuma a gida, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na yaran Maraɗi suka warke. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da wasu hukumomi biyu suka amince da wannan tsari, Nijeriya kuma ta fara aiki da shi a 2009. Har ila yau Briend yana cikin waɗanda suka daɗe suna kare awon damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku, wanda ja a cikinsa yake nuna damtsen bai kai milimita 115 ba. Wani bincike da aka yi a Mirriya ta jihar Damagaram, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa uwaye ma suna iya yin awon da kansu. Wannan, a gaskiya, ya fi ƙullin gyaɗar girmama hankalin uwa.

To, amma akwai abin cewa. Maganin na ramewa ne mai tsanani, ba ya taɓa tsumburewa, wadda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna ta shafi fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin mamakin ya fi fitowa fili a Ƙiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, ƙasar masara da gyaɗa da waken suya, kusa da madatsar ruwa ta Tiga. A nan ba rashin noma ne ke ramar da yaro ba. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda da sayar da amfanin gona tun kaka su ne ke haɗuwa a kansa, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Maraɗin ma, ba a manta ba, yankin noma ne.

Sannan ga batun dogaro. Garin madara, wanda yana cikin mafi tsadar kayan haɗin, daga waje ake shigo da shi, kuɗin sayen maganin kuma akasari na masu ba da agaji ne, ga shi Nutriset ta riƙe haƙƙin mallakar haɗin shekaru masu yawa. Mutanen da suka san daƙuwa da kunun gyaɗa tun kaka da kakanni, waɗanda birninsu ya yi suna da dalar gyaɗa, sai ga shi suna jiran ƙullin gyaɗa daga hannun wasu. Ba laifin Briend ba ne shi kaɗai, amma ba za a cire wannan daga lissafin tasirinsa ba.

Inda aikin ya fi rauni shi ne harshe. Ma'aikatan lafiya sun ari kalmar tamowa suka ɗora mata ma'anar ƙarancin abinci mai gina jiki, alhali a tunanin gargajiya ciwo ce da akan danganta da nono da yaye da kwanika, ana nema mata magani wajen ungozoma da masu saiwoyi. Uwa da malamin asibiti suna furta kalma guda, kowa da abin da yake nufi. Haka kuma ƙullin kansa: a takarda magani ne na yaro guda, a gida kuwa abinci ne mai zaƙi, kuma ba a san uwar da za ta ba ɗa guda abinci sauran suna kallo ba. Barbara Cooper, masaniyar tarihin Maraɗi, ta yi gargaɗi game da saurin ɗora laifin tamowa a kan uwaye. Rabon ƙulli tsakanin yara, da ganin sa a kasuwa, sukan jawo irin wannan zargi, ba tare da an tambayi abin da sauran yaran gidan suka ci a ranar ba.